Asalin Murar Jikan Inna

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin bayan Inna babu goyo ba. Ta goya ƙannena, ta goya 'ya'yan baffanninmu, ta goya na maƙwabta, har ta kai matan unguwarmu a Barkiya in za su rijiya ko za su kai niƙa sai su leƙo su dire yaro a gabanta su wuce, ko gaisuwar kirki ba su tsayawa yi. Ni kaɗai ce ba ta yarda a ce ta taɓa goyawa ba, don ni ce ɗiyar fari, Inna kuwa alkunyarta irin ta mutanen da ce. Sunana ma ba ta faɗi. "Ke" take ce mani, in kuma da wani take magana sai ta ce "waccan ta asibiti". Na yi karatu, na kama aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Dutsin-Ma, na yi aure na hayayyafa, amma har gobe ni "ke" ce.

Bayan goyo, abu biyu aka san Inna da su, kaji da tofi. Kajinta ba wasu masu yawa ba ne, amma ta san halin kowace, ta san mai satar kwanci a bayan rumbu, ta san mai faɗa. Tofi kuwa na safe ne. In ta idar da sallar asuba ba ta tashi daga tabarma sai gari ya yi haske, yaran gidanmu, da yake babban gida ne, su zo ɗaya bayan ɗaya su durƙusa. Ta karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ta tallabi fuskar yaro da hannu biyu ta tofa mashi a goshi, tuf, tuf, tuf, shi kuma ya runtse ido yana dariya. Mu ma haka aka yi mana. Har yanzu in na rufe ido ina jin ɗumin numfashinta a fuskata da ɗan ƙamshin asuwaki.

Ƙanena shi ya zauna a gida yana noma, shi da matarshi suna sashe ɗaya da Inna tun rasuwar Baba. Ɗansu na fari namiji ne, Inna kuwa ta ɗauki son duniya ta ɗora mashi. "Maigidana" take kiranshi, irin wasan kaka da jika. Ya fara tafiya yana dafa bango, bai kai yaye ba, amma in ka ji yadda take mashi tsiya sai ka rantse da magidanci take. "Maigida, yau ma babu cefane? Kai dai sai ci, ko gishiri ba ka taɓa sayo mani ba." Shi kuma ya washe 'yan haƙoranshi ya kama zaninta yana neman a goya shi.

A ƙarshen wata damina, gero ya fitar da kai, ciwo ya shiga kajin unguwa. Kaza za ta saki fukafukai ta yi ta gyangyaɗi a rana, gobe a tarar da ita a sanƙare. Mu a ƙauye ba a barin kaza ta mutu a banza. Da an ga ta fara layi sai a yi maza a nemo namiji ya sa mata wuƙa kafin ta zama mushe, a fige a dafa, yara su sha romo. Haka muka taso muka tarar, ba wanda ya taɓa ganin aibin abin. Da babbar kazar Inna ta fara gyangyaɗi, ta aika aka kira ƙanena daga gona ya yanka. Ta zauna a gindin turmi ta fige ta, ta babbake, ta yi farfesu. Maigidanta ta fara zuba wa romo, ta murtsuke mashi hanta da yatsa ta ba shi a baki.

Bayan 'yan kwanaki yaro ya kama zazzaɓi da tari. Aka ce mura ce, aka sayo magani a kemis a Kurfi. Mura kuwa wa ke kai ta asibiti? Sai da numfashinshi ya fara yin sama-sama suka ɗauko shi a mashin, uwar tana rungume da shi a baya, hanya duk caɓi, suka iso Dutsin-Ma wajen azahar. Ina cikin ɗakin aikina aka ce mani ƙanenki na waje. Da na ɗaga rigar yaron na ga yadda haƙarƙarinshi ke lotsawa in ya ja iska, gabana ya faɗi, don na sha ganin irin haka kuma na san inda yake kaiwa.

Likitan da ya duba shi ya tambaya ko akwai kaji ko wasu tsuntsaye da ke mutuwa a gida. Ƙanena bai san dalilin tambayar ba, ya ce ai kajin unguwa sun kusa ƙarewa, mu ma mun yanka tamu mun ci. Likita ya dube ni, na dube shi. Murar tsuntsaye yake tsoro, wadda kan tsallako daga kaza ta kama mutum, in ta kama kuma ba ta da sauƙi. Ya ce a ɗebi majinar yaron a aika babban ɗakin gwaji a Abuja. Ni da hannuna na zura mashi ɗan tsinke mai auduga a hanci. Yara kan tsala ihu in an yi masu haka. Shi ko motsi bai yi ba, ya dai bi ni da ido. Na karya tsinken cikin 'yar kwalba, na sa a kula mai ƙanƙara, aka ba mota. Washegari da la'asar Allah Ya karɓi abinshi.

Ana zaman makoki, ko sadakar bakwai ba a yi ba, sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Ma'aikatan lafiya ne, sun rufe baki da hanci, sun sa safar hannu da dogayen takalman roba. Aikinsu suke yi, ni ma da ni aka tura gidan wani haka zan yi, amma wallahi ranar ji na yi kamar in kore su da muciya. Tsakar gida cike da mata 'yan gaisuwa, suka tsaya a tsakiya suna tambaya. Wa ya yanka kazar? Wa ya fige? Inna ta ce ita ta fige. Ɗayansu ya ce, "Iya, lokacin da kike figar, yaron yana ina?"

Inna ta ce, "Yana bayana."

Ma'aikatan suka rubuta a takarda. Suka nemi kaza ko ɗaya su gwada, babu, waɗanda ba a ci ba an jefar karnuka sun ja. Suka auna zafin jikin kowa, suka ja kunne kada a ƙara cin kaza mai ciwo, suka tafi. Motarsu ba ta gama fita daga unguwa ba sai wata goggon matar ƙanena, mace mai baki kamar reza, ta gyara lulluɓi ta ce, ba da ƙarfi ba amma yadda kowa zai ji, "Ashe kazar tsohuwa ce ta ci mana yaro."

Ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Na miƙe tsaye na ce, "Goggo, ke likita ce? Yaushe kika gwada? Kin zo gaisuwa kin share kwanon dambu, in babu ta'aziyya a bakinki ki tashi ki kama hanya tun rana ba ta faɗi ba." Mata suka riƙe ni, ana ta haba, haba, gidan mutuwa ne fa. Inna ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Ke, rufe mani baki. Mi ta faɗi wanda ba haka ba?" Wannan maganar ta fi ta goggon yi mani ciwo.

Daga ranar Inna ta daina yarda da hannunta. Ta sa ƙanena ya rushe akurkin kaji. Ta wanke majanyin goyonta ta naɗe ta cusa a ƙasan adaka. In maƙwabciya ta leƙo da yaro sai Inna ta ce bayanta ke ciwo, har suka gane suka daina zuwa, wasu kuma dama sun ɗauke ƙafa tun ranar da mota ta zo. Abincin yara ba ta taɓawa. Na kai yarana hutu, ƙaramar ta ruga za ta faɗa jikinta, sai Inna ta kauce ta mai da hannu baya kamar wadda aka miƙo wa garwashi. Yarinyar ta tsaya sororo tana kallona. Na ce, "Haba Inna, ki ɗauke ta mana, ai ba cinye ta za ki yi ba!" Ta dube ni kawai, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Abu ɗaya ne bai canza ba, tofin safe. Yara za su durƙusa, ta harɗe hannuwanta a baya, ta sunkuyo ta karanta ta tofa masu a goshi. A nan kaɗai nake ganin Innar da na sani.

Na ɗaura aniyar sai na wanke ta. Dalili kuwa ina da shi. Kaji na mutuwa da cututtuka iri-iri da babu ruwansu da mutum, kuma wanda ya yanka da wadda ta fige duk ga su a tsaye, ba wanda ya kwanta rai a hannun Allah. Zuciyata tana ba ni ba kazar ba ce. Sai dai zuciyata ba shaida ba ce a wurin Inna, amsar tana cikin 'yar kwalbar nan da na aika.

Akwai wata ƙawata da muka yi makarantar koyon aikin gwaji tare, ita Allah Ya kai ta can babban ɗakin gwajin. Na kira ta. Ta ce gwajin farko ya nuna ƙwayar cutar mura ce, amma daga babban gidan nan da murar mutane da ta tsuntsaye duk suke da dangi a ciki. Ba a iya rarrabewa ba, don ƙanƙarar ta narke a hanya, abin da ya rage mai kyau a kwalbar kaɗan ne. Sai dai a sa shi a layin waɗanda za a karanta rubutun cikinsu gaba ɗaya. Na san abin a takarda tun muna makaranta, ban taɓa zaton zai zama maganar gidanmu ba. Ƙwayar mura, duk ƙanƙantarta, tana ɗauke da wani dogon rubutu na halittarta, a rabe gida takwas, da haruffa iri huɗu da ke ta maimaita kansu. Akwai na'urar da ke bin shi harafi bayan harafi tana karantawa. In ta gama sai a jera shi kusa da waɗanda aka karanta daga jikin mutane da kaji da agwagi a ƙasashe daban-daban, a ga da wa ya fi kama. Daga nan ake gane danginta.

Na je Barkiya na zauna kusa da Inna tana tsintar wake, na yi mata bayani yadda za ta gane. Na ce kamar tsagar fuska ne, in kin ga baƙo a kasuwa kin dubi kumatunshi ai kin san mutumin ina ne. Ta ɗan dakata da tsintar. Ta ce, "Abin da ido bai gani, shi ma har tsage gare shi?" Na ce gare shi, Inna, kuma za a duba. Ta ce, "To in sun duba suka ga na kaza ne, kar ki ɓoye mani." Na ce ba zan ɓoye ba. Ta ce in rantse, na rantse.

Jira ya yi tsawo. Aka yanke gero, aka yanke dawa, aka shiga noman rani a bakin madatsar ruwan Zobe, tumatur ya cika kasuwa ya wuce. Ƙawata ta ce ba a kunna na'urar don kwalba ɗaya, sai an tara da yawa, kuma sinadaran aikin daga waje ake kawo su, sun ƙare ana jira. Na dame ta da waya har ta fara ƙin ɗauka. Wata rana na zazzaga mata masifa, na ce ku can kuna zaune cikin sanyin ofis lamba kawai kuke gani a jikin kwalba, ni uwata ce ke ƙarewa a tsaye. Ta bari na gama tas, sannan ta ce, "Ke dai har yanzu bakinki bai mutu ba. Kwalbarki nake fara gani kullum in na buɗe firji, kin ji ko?" Na ji kunya, na ba ta haƙuri.

Ana cikin haka cikin matar ƙanena ya fito. Kowa ya yi murna ban da Inna. Ta kira ƙanena ta ce in haihuwa ta matso ya kai ta Ɗantutture wurin ƙanwarta, can za ta zauna, ba za ta ƙara kwana gida ɗaya da jariri ba. Ƙanena ya kira ni a waya yana kuka, babban mutum da gemunshi. Matar tashi ma, baiwar Allah, wadda ita ce ta rasa ɗa, ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Inna, wa zai yi mani wankan jariri in kin tafi?" Inna ta ce mata akwai mata a gari. Daga nan na san in amsa ba ta zo kafin haihuwar nan ba, mun rasa Inna tana raye.

Amsar ta zo ana zafin bazara, ina cikin ɗibar jinin wata mata. Ƙawata ta kira ta ce in duba wayata. Hoto ne ta turo, kamar zanen bishiya a kwance, rassa birjik, ta zagaye wani ɗan reshe da ja. Ta ce, "Ga na yaronku nan. Dubi maƙwabtanshi sama da ƙasa, duk daga jikin mutane aka samo su. Murar mutane ce, irin wadda ke zagayowa kowace shekara. An karanta duka takwas ɗin, babu ko ɗaya da ya fito daga tsuntsu." Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na zube a kujera na fashe da kuka, matar da na ɗebi jininta tana danne da auduga a hannu tana ba ni haƙuri, ta zaci mutuwa aka yi mani.

Ranar Asabar da safe na nemi budurwar kaza ja na saya, na sa a kwando, na kama hanyar Barkiya. Murna nake, a raina ina ta tsara saƙon da zan aika wa goggon nan, kalma bayan kalma. Na tarar da Inna a inuwar rumbu, ƙanena yana gyaran fartanya, matarshi da tulelen ciki tana tankaɗe. Ban ko zauna ba na dire kwandon a gaban Inna, na ɗaga murya yadda na bayan katanga za su ji. Na ce, "Inna, an karanta! Ba kaza ba ce. Wallahi tallahi ba kazarki ba ce, murar mutane ce."

Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Kin fa rantse mani." Na ce na rantse, ga hoton ma. Ta karɓi wayar a juye, ta daɗe tana kallon bishiyar da ba ta san kanta ba. Na ga kafaɗunta sun sauko. Ta miƙa hannu cikin kwando ta shafa bayan kazar. Ƙanena yana ta hamdala.

Da ma a nan maganar ta tsaya! Sai Inna ta ce, "To in ba kaza ba, ta ina ta shige shi?"

Ni kuma baki ya buɗe, ga murna ga son a san na sani. Na ce daga mutum zuwa mutum take bi, Inna. Mai mura ya yi tari ko atishawa, ko ma magana kawai, ɗan feshin yawun da ke fita daga bakinshi in ya matso kusa da fuskar yaro, shi ke nan ta shiga. Na ce wani ma yana ɗauke da ita bai sani ba. Ina cikin zuba na lura matar ƙanena ta daina tankaɗe ta sunkuyar da kai. Ƙanena yana ta ƙifta mani ido. Ban gane ba.

Inna ta janye hannunta daga kwandon. A hankali ta ce, "Yawu."



Ta ce, "Ni na fara murar nan a gidan nan. Da ita na dawo daga suna a Kurfi, kwana kaɗan kafin ya kwanta. Ban fasa yi mashi tofi ba ko rana ɗaya. Da zazzaɓin ya kama shi ma sai na ƙara, safe da rana da marece, ina tallabe da fuskarshi."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni ina Dutsin-Ma lokacin, ban san ta yi mura ba, kuma wa zai kira ni a waya don tsohuwa ta yi atishawa? Na fara magana da sauri-sauri, kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne. Na ce a damina rabin gari mura yake yi. Na ce ƙanena kullum yana cikin mutane a kasuwar Kurfi. Matarshi ta ce ita ma ta yi, kuma ita ke ba shi nono. Na ce yaron nan hannu nawa yake bi a yini? Na kira ƙawata a take, na buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, na ce ta faɗa wa Inna ko gwajin ya nuna wanda ya shafa wa yaron. Ta gaishe da Inna da ladabi, ta ce, "Iya, rubutun nan dangin cutar yake nunawa, ba ya nuna bakin da ta fito. Ba wanda zai iya cewa wane ne."

Na kashe wayar na ce, "Kin ji ko? Ba ta ce ke ce ba."

Inna ta ce, "Ba ta ce ba ni ba ce."

Ƙanena ya ajiye fartanya ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, kwananshi ne ya ƙare. Ko a ɗaki aka kulle shi sai ya tafi." Ta ce, "Na sani. Ban ja da ikon Allah ba. Kazar dai hannuna ne ya taɓa. Wannan kuwa bakina ne, da sunan Allah na buɗe shi a kan fuskar yaron." Ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Kazar tana ta mutsu-mutsu a kwando, ba wanda ya tuna ya kwance mata ƙafa.

Na kwana a gidan. Da safe yara suka zo suka durƙusa kamar kullum, ni ina tsaye a bakin madafa ina kallo. Inna ta fito da hannunta daga baya, karo na farko tun rasuwar, ta ɗora a kan na gaba. Leɓunanta na motsi, ta karanta duka. Yaron ya runtse ido ya miƙa goshi yana jira. Ta kawar da fuska gefe ta ce, "An gama, tashi." Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Inna, ba ki tofa ba." Ta ce, "Na ce an gama."

Ba ta tafi Ɗantutture ba. Aka haifi ɗiya mace. Da aka yi arba'in, matar ƙanena ba ta nemi shawarar kowa ba, ta buɗe adakar Inna ta ciro majanyin, ta sami Inna a sunkuye tana shara ta ɗora mata jaririyar a baya, ta ce, "Inna riƙe mani, zan ɗora tukunya," ta yi tafiyarta. Inna ta daskare a sunkuyen, sannan ta ja majanyin ta ɗaure. Ƙanena ya sake gina akurki, jar kazar ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, yanzu kaji sun fi na da yawa, kuma in ɗaya ta fara gyangyaɗi rami ake haƙa mata. Matan unguwa sun dawo da dire yara. Goggon nan ma ta zo barka tana wani sunne kai, ban ce mata uffan ba, don abin da na tanada in faɗa mata ya riga ya zube.

Mutane suna cewa ni na warkar da Inna da ilimin boko. In na ji haka raina ɓaci yake. Babu abin da ban yi ba a kan tofin nan. Na ce mata in ba ta mura babu komi, ta tofa. Ta ce, "Ke da bakinki kika ce mutum na ɗauke da ita bai sani ba." Na roƙi limamin unguwa ya yi mata magana, ya ce ta tofa a tafin hannunta ta shafa masu, hakan ma ya fi. Ta yi mashi godiya, ta ce Allah Ya saka da alheri, ba ta yi ba. Har yau ina zura wa yaran mutane tsinke a hanci ina sawa a kula, kuma na yarda da aikin, na san amfaninshi. Gaskiya na kai wa Inna, ban ƙara ba ban rage ba, ita ma ta sa na rantse. Amma akwai ranakun da nake cewa da ma narkewar ƙanƙarar nan ta lalata komi a hanya a rasa abin karantawa, sai kuma in tuna majanyin da ya yi watanni a ƙasan adaka in rasa wanne zan zaɓa.

Ɗiyar ƙanena ta girma, ta yi baki, surutu gare ta kamar ni, Inna na kiranta "ƙawata". Ba ta taɓa sanin yadda tofin Inna yake ba. Hutun da ya wuce na je da yarana, da safe suka jeru da yaran gidan, ita ce a ƙarshe. Inna ta dafa kanta, ta juya fuska can wajen akurki tana karantawa, ta gama ta rufe baki ta haɗiye. Yarinyar ta ɗago ta kama haɓar Inna da ɗan hannunta tana son juyo da ita. Ta ce, "Inna, mi ya sa in kina yi mani addu'a kaji kike kallo? Ni ki kalle ni mana."

Inna ta cire hannun yarinyar daga haɓarta a hankali, ta riƙe shi a cinyarta, ba ta juyo ba. Ta ce, "Tafi ki sha kununki kar ya huce."